Akwatin Mannir da Zaton da Na Yi Mashi

Allah ne Ya ba da rai, kuma Shi ke karɓar abinSa a ranar da Ya ƙayyade. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na shekarar 2025, da hantsi, Allah Ya yi wa Mannir ɗan marigayi Malam Abdulganiyyu na Kankia rasuwa a wani asibiti da ke Katsina, bayan ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda. Shekarunsa talatin da takwas. An kawo shi gida, aka yi mashi sutura, aka sallace shi bayan La'asar, aka kai shi makwancinsa.

Labarin ya iske ni a gona a Dudunni, ina roron wake. Wani maƙwabcinsa ne ya kira ni a waya. Na ajiye kwandon, na zauna a kan kunya.

Mannir, ni ne Ɗahiru, yayan matarka Juwairiyya, malamin Islamiyyar nan na Dudunni da kake kira Malam ko da muna mu biyu. Galibi wanda ke rubuta ta'aziyya shi ne wanda ya ƙaunaci mamaci ba tare da shakka ba. Ni ba haka nake ba. Shekara goma sha ɗaya ina kallonka ta wutsiyar ido, kuma kai ka sani. Shi ya sa na ga ni ya fi cancanta in rubuta, don akwai abin da ba wanda zai iya faɗinsa sai ni.

Ranar da aka aiko neman auren Juwairiyya, mahaifinmu ya riga ya rasu, magana tana hannuna. Na hau mota na zo Kankia bincike. Duk wanda na tambaya abu ɗaya yake faɗi: ka yi karatun lantarki, kana gyaran waya da kayan sola a wani ɗan shago kusa da kasuwa, ba ka wasa da sallah, kuma ba ka zaman majalisa. Wannan na ƙarshen ne ya tsaya mani a rai. Na ce a zuciyata, mutumin da ba ya zama cikin mutane, to da wa yake zama?

Na shiga shagon ban faɗi ko ni wane ne ba. Na iske ka duƙe a kan tebur, ƙaurin dalma ya cika ɗakin, ga wayoyi sirara kala-kala kamar zaren saƙa, ga wasu ƙananan gilasai irin na fuskar wayar hannu an jera su a kan tsumma. Na nuna wani ɗan allo kore da bai kai faɗin tafin hannu ba, na ce mene ne wannan.

Ka ce, “Ƙwaƙwalwa ce, Malam. Maikurokontirola ake ce mata. Ba ta san komai ba sai abin da na rubuta mata. Wannan gilashin kuma shi ne fuskarta. Ka taɓa nan, ta ji, ta yi abin da aka ce ta yi.”

Na ce, “Abin da wa ya ce ta yi?”

Ka ɗago ka dube ni, ka yi ɗan murmushi. “Ni. In kuma ta yi ba daidai ba, ni ne ban iya faɗa mata ba.”

Na ba da auren don ban sami abin da zan hana da shi ba. Wannan shi ne gaskiyar magana.

Alherinka ya yi ta zuwa gidanmu, ni kuma ina ta juya shi ina neman abin da ke ƙarƙashinsa. Lokacin da hawan jini ya kama Innarmu, tana manta shan magani, wani lokacin kuma ta sha sau biyu, ka zo mata da wani ɗan akwati kamar gwangwanin madara. Da safe sai ya yi ƙara, hoton rana tana fitowa ya bayyana a fuskarsa. Da yamma hoton rana tana faɗuwa. Ba ya yin shiru sai ta ɗora yatsa a kai, in kuma ta riga ta taɓa, to ko ta sake dawowa sai ya nuna mata hannu a ɗage, wato ta sha. Inna ta sa mashi suna Ɗan Mannir. Har gaishe shi take yi. Shekara huɗu ta yi da shi kafin Allah Ya ɗauke ta, ba ta ƙara rikita magani ba. Ni kuwa duk ranar da za mu yi maganar cikin gida a ɗakinta, sai in ɗauki sallaya in rufe akwatin. Wata rana ka shigo ka iske shi a rufe. Ka yaye sallayar, ka ninke ta, ka ce, “Ba shi da kunne, Malam. Amma zafi yana ɓata mashi batir.”

Maganar akwatin rumbu ta taso ne a shekarar da waken mutane da yawa ya lalace a Dudunni. An zuba shi a buhu bai gama bushewa ba, aka ɗaure, da aka kwance da rani sai funfuna da wari. Nawa ma buhu uku suka tafi. Ka zo gaisuwa ka iske ana zubar da shi. Ka ɗauki ƙwara ɗaya ka ciza, yadda duk muke gwadawa, ka ce haƙori yana ruɗin mutum, bayan ƙwarar ya bushe amma cikinta da sauran danshi. Ka tafi ba ka yi wa kowa alkawari ba. Bayan wata biyar sai ga ka da akwatin roba ɗaure a bayan babur.

Akwatin yana da ɗan kofi a sama inda ake zuba hatsi, da fuska ta gilashi a gaba, da ɗan faifan sola, da wata doguwar waya da ake cusawa cikin rumbu don ta ji zafin ciki. Mutum zai zuba hatsi, ya taɓa abin da ya zuba, akwatin ya gaya mashi ko ya isa ajiya.

Gwajin farko abin dariya ya zama. Ka sa gilashi irin na wayar shafa, wanda ke jin fatar yatsa. Nagoggo, dattijon nan maƙwabcina da ya fi kowa noman wake a unguwarmu, ya ɗora yatsansa mai kanta ya danna, ya sake dannawa, ya shafa, abin bai motsa ba. Ya ja da baya ya ce, “Mannir, abin nan naka ya raina ni. Hannun ’yan birni kaɗai ya sani.” Kowa ya yi dariya, kai ma ka yi, amma na ga ka riƙe hannun Nagoggo kana duba yatsun kamar likita. Mako biyu ka dawo da wata fuskar daban. Ka ce wannan leda biyu ce siririya a kan gilashi, in an danna sai su haɗu, ƙwaƙwalwar ta gane wurin. Ba ruwanta da laushin fata. Da farce, da tsinken kara, da hannu mai ƙasa, duk tana ji. Ka kuma ƙara girman wuraren dannawa har kowane ya kai faɗin babban yatsa.

Saura rubutu. Na Turanci ne a kai, ka mayar da shi Hausar boko, duk da haka rabin dattawan ba su karanta shi. Nan ne ka zo wurina. Ka ce ƙwaƙwalwar ba ta iya haɗa baƙaƙen ajami da kanta, daga hagu kawai ta san rubutu, don haka kana so in rubuta maka da hannuna, kai kuma ka ɗauki hoto ka mayar mata da shi ɗigo-ɗigo. Kalmomi biyar ne: gero, dawa, wake, ya bushe, da saura, wato bai gama bushewa ba. Na fere alƙalami na rubuta. Ka ce sun yi siriri. Na sake. Ka ce wasalin ya yi kusa da baƙi, zai haɗe. Sai da na rubuta kusan sau ashirin. Ranar da ka kunna akwatin na ga rubutun hannuna yana haske a cikin gilashi, ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ka fito da ’yar alama a kusurwoyi huɗu, ka ce in taɓa kowace da tsinke don fuskar ta daidaita da hannun mutum. Na taɓa. Ina gamawa tambayar da ke cina ta fito.

Na ce, “Kai mi za ka samu a cikin wannan wahala?”

Ka ce, “In ga ya yi aiki.”

Ban yarda ba. Na ɗauka akwai wata ƙungiya a bayanka, ko wasu mutanen waje da kake tara wa bayani. Ban faɗa ba, na dai ajiye a rai.

Akwati takwas ka yi, biyar a Dudunni, uku a Sukuntuni. Kakar 2023 duk wanda ya bi abin da akwatin ya ce, hatsinsa bai lalace ba. Mata suna aiko da kwanon wake daga unguwanni a gwada masu. Ya kamata in ce maka sannu da aiki a lokacin. Ban ce ba.

Sai bazarar 2024 ta zo da abin da kowa a ƙasar nan ya san irinsa. Ɓarayin daji suka shiga wata ’yar ruga yamma da mu, suka kore shanu, suka fasa rumbuna. Bayan kwana tara suka sake shiga wani ƙauyen. Tsoro ya sauka. Kalma ɗaya ce a bakin kowa: infoma. Wa ke gaya masu gidan da ke da kaya? Mutum ya riƙa duban maƙwabcinsa sau biyu. Mai tallan da ya saba zuwa shekara da shekaru aka fara tambayarsa garinsu. Ana cikin haka wani ya ce a bakin masallaci, ai ɗaya daga cikin gidajen da aka fasa akwai akwatin Mannir, kuma doguwar wayar nan da ake cusawa rumbu, wa ya tabbatar ba eriya ba ce?

Ni kuma na fara haɗa abubuwa. A ’yan watannin nan ka rame. Ka daina sa riga mai gajeren hannu ko da ana zafi. Duk Litinin da Alhamis kana rufe shago ka tafi Katsina, ba ka dawowa sai yamma, a gajiye. Na tambayi Juwairiyya, ta ce, “Aiki ne, Yaya,” ta kawar da kai. Ƙanwata ba ta iya ƙarya ba, na ga tana ɓoye wani abu.

Wata Laraba da tsakar rana ina zaune a inuwar darbejiya kusa da rumbuna, sai na ga fuskar akwatin ta haska. Ba kowa a wurin. Na taso na tsaya a kansa. Da idona na ga wurin gero ya lotsa kamar an danna, ya koma dawa, ya koma wake, ya sake dawowa gero. Rubutun hannuna yana ta canzawa ba yatsan kowa. Na ce wani ne daga nesa yake taɓa shi. Washegari na zauna gadi, daidai wannan lokacin ya sake. Rana ta uku ma haka.

Mannir, lambarka tana cikin wayata. Kira ɗaya ya isa. Na fito da wayar har sau biyu na mayar, don na ce in na kira ka za ka goge shaida. Na cire akwatin na naɗe shi a buhu, na kai wa Sadisu, shugaban ’yan sintirin unguwarmu. Na roƙe shi kada ya ambaci sunana.

Asabar da hantsi aka kira ka ƙofar gidan Mai Unguwa Dawuda. Ka zo kai kaɗai a kan babur, da ’yar jakar kayan aikinka da kwamfutarka. Mutane sun fi ɗari. Akwai masu gora, akwai masu bindigar toka. Kowa ya san abin da ya sami waɗanda aka kira da sunan infoma a wasu garuruwa. Da yawa ba a jira an ji ta bakinsu ba. Ina zaune a tabarmar dattawa.

Sadisu ya ajiye akwatin a tsakiya ya ce, “An ga wannan abu yana aiki shi kaɗai. Gaya mana wanda ke taɓa shi.”

Ka tambayi lokacin da aka gani. Aka ce da tsakar rana. Ka ce a yi maka haƙuri a ajiye shi cikin rana, a jira. Aka ajiye. Kusan awa guda ana jira. Da rana ta take, fuskar ta haska, ta fara dannuwa da kanta. Mutane suka ja baya, wasu suna salati, wani ya ɗaga gora. Kai kuwa ka durƙusa, ka fito da sukundireba, ka sassauta ƙusoshi biyu na murfin. Nan take ya tsaya.

Ka ce, “Laifina ne. Na matse murfin da yawa don kada ƙura ta shiga. In rana ta yi zafi robar takan kumbura, bakinta ya danne gefen ledar, ƙwaƙwalwar ta zaci yatsa ne. Ku duba.” Ka ɗaure ƙusoshin, ya ci gaba. Ka sassauta, ya daina. Sau uku ka yi.

Sannan ka buɗe cikinsa gaba ɗaya, ka zare kayan ɗaya bayan ɗaya ka jera a kan tabarma. Ga batir. Ga ƙwaƙwalwa. Ga fuska. Ga abin jin danshi. Ka ce babu layin waya a ciki, babu wurin sa shi ma, ba shi da hanyar magana da kowa. Ka miƙa wa Sadisu doguwar wayar ka ce ya riƙe bakinta a hannu, ya ga lambar zafi tana hawa.

Sadisu ba wawa ba ne, kuma ƙanensa na cikin waɗanda aka kore wa shanu. Ya tona da yatsa ya zaro wani ɗan memori. Ya ɗaga shi sama. “Wannan fa?”

Ka sa shi a kwamfuta ka juyo da ita. Layuka ne na kwanan wata da zafi da danshi.

Sadisu ya ce, “Lambobi ne. Ai saƙon ɓarayi ma da lambobi ake yin shi.”

Aka yi guna-guni. Sai wani daga baya ya ce, “Ajamin nan fa? Mannir ɗan boko ne. Wa ya rubuta mashi? Ashe yana da mutum a cikinmu.”

Akwai iyayen ɗalibaina a wurin da za su iya gane hannuna in sun matso. Ka ɗago, idonka ya bi ta kaina ya wuce kamar ba ka san ni ba.

Ka ce, “Duk abin da ke cikin akwatin nan a wuyana yake. Ba ni da abokin aiki.”

Ni kuma na yi shiru. Ni da nake tsayawa gaban yara ina gaya masu girman laifin mummunan zato da ɓoye shaida, na sunkuyar da kai ina kallon tabarma.

Mai Unguwa ya ce bai ga hujjar da za a riƙe ka da ita ba, amma don a zauna lafiya a cire akwatunan duka. Kafin yamma an farfasa uku. Nagoggo kaɗai ya tsaya a bakin rumbunsa da sanda ya ce, “Nawa yana nan. Wanda ke so shi cire, shi fara cire ni.” Ka tsira da ranka, amma sunan ya bi ka har Kankia. Mutane suka zo suka karɓe wayoyinsu daga shagonka ba a gama gyara ba, wai kada ka sa masu wani abu a ciki. Wasu suka daina amsa sallamarka.

Zan so in ce daga ranar zuciyata ta wanke ka. Ba ta wanke ka ba. Na ce to, akwatin mun ga cikinsa, tafiyar Litinin da Alhamis fa? Don haka wata Litinin na yi sammako na zo tashar Kankia, na laɓe bayan rumfar mai shayi har ka shiga mota, na shiga ta bayanta. A Katsina na hango ka ka hau Keke Napep, na tari wani na ce ya bi ku. Ina tsammanin za mu ɓulle wata unguwa ta bayan gari. Sai kekenka ya tsaya a ƙofar asibiti.

Na daɗe ina yawo a baranda kafin in gano ɗakin. Na leƙa ta ƙofa. Kana kwance, an naɗe hannun rigarka, robobi biyu sun fito daga damtsenka, jininka yana bi ta cikinsu yana shiga wata na'ura yana dawowa. Hannun duk tabon allura. Na juya zan gudu, sai na ji muryarka.

“Malam, ka iso? Shigo. Na gan ka tun tasha.”

Na shiga.

“Zauna. Awa huɗu ne, za ka gaji da tsayuwa.” Sai ka nuna fuskar na'urar da haɓa. “Dubi tasu. Irin ta shafa ce, amma ko da safar hannu tana ji. Na roƙe su in ga cikinta, sun hana ni.”

Na ce, “Tun yaushe?”

“Tun kafin azumi.”

“Mi ya hana ka faɗa a gaban Mai Unguwa? Da ka naɗe hannun rigarka kawai…”

“Da kafin La'asar Hajiya mahaifiyata ta ji. Ta binne ’ya’ya biyu, Malam, zuciyarta ba ta da ƙarfi. Ina so ta ci gaba da ganina ina hawa babur.”

Can na ce, “Ka san wanda ya kai ka?”

Ka ce, “Akwatinka ne aka ajiye a tsakiya. Shi na fara yi. Akwai inda dalma ta ɗiga ta ƙona shi a kusurwa.” Ka ɗan numfasa. “Da ni na ga yana danna kansa ban san dalili ba, ni ma zan tsorata. Abin da ya yi mani ciwo kawai, ba ka kira ni ba.”

Na yi kuka a gaban ma'aikatan jinya, ban ji kunya ba. Ka ce in bari, ka yafe, ka kuma ɗaure ni da alkawarin kada maganar ciwonka ta fita. Na riƙe wannan alkawarin. Amma akwai abin da ba ka hana ni ba. Ba ka hana ni tashi a masallaci in ce ni na kai ƙara, ni na rubuta ajamin, kuma na yi kuskure ba. Na yi niyya. Na ce bari hankalin mutane ya kwanta. Na ce bayan damina. Na ce bayan Sallah. Gaskiyar ita ce ina tsoron sunan ya dawo kaina, a kwashe yara daga makarantata. Shekara ɗaya da rabi ina ɗagawa.

Kai kuwa ba ka ɗaga naka aikin ba. Da jikin da ya rage maka ka sake fasalin akwatin. Ka yi mashi gida na katako, ka sa soso siriri tsakanin murfi da fuska, ka gyara rubutun ƙwaƙwalwar yadda ba za ta amsa ba sai dannawar ta yi nauyin yatsa na gaske. Ka kai wa Nagoggo sabo. A kakar bara mutanen da suka fasa nasu suna bi ta bayan gida da kwanon wake suna roƙon Nagoggo ya gwada masu, kada a gan su. Da na ba ka labari dariya ka yi har tari ya sarƙe ka, ka ce, “To ai ya yi aiki ke nan.” Ka cika littafi guda da zane da bayani cikin Hausa, wace waya ke zuwa ina, don duk wanda ya so ya haɗa nasa. Ganina da kai na ƙarshe, a watan Satumba, takarda ka miƙo mani ka ce in ƙara maka kalma biyu da ajami: duba batir. Sau ɗaya na rubuta, ka ce ya yi.

Ranar sadakar uku ina zaune a rumfar makoki a ƙofar gidanku, na ji mutum biyu a bayana suna magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya ya ce Allah Ya jiƙansa dai. Ɗayan ya ce, “Amin. Amma Allah kaɗai Ya san abin da ke cikin akwatunan nan, da inda yake zuwa.” Suna faɗin haka da gumbar sadakarka a hannunsu.

Bayan liman ya shafa addu'a na miƙe na nemi izini. Na faɗi duka, kamar yadda na rubuta a nan. Sadisu yana wurin. Ya sunkuyar da kai, daga baya ya zo ya kama hannun ƙanenka ya daɗe bai saki ba. Wasu kuma na ga suna duban juna, na san yanzu ni suke aunawa. Ba komai. Ga masu sauran shakka, littafin Mannir yana hannun iyalinsa, akwatinsa na farko yana gidana a Dudunni a buɗe, kowa ya zo ya duba cikinsa da idonsa.

Da yamma na shiga cikin gida wurin Juwairiyya. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba, ’yar autarku Ummu ta yi barci a cinyarta. Na yi mata gaisuwa ta amsa. Na fara magana ta ɗaga hannu.

“Yaya, na ji abin da ka faɗa a waje. Na sani tun ranar. Shi ya hana ni ɗaga maka maganar, ya ce in ci gaba da gaishe ka kamar da, na kuma yi mashi biyayya yana da rai.” Ta gyara wa yarinyar kwanciya. “Shi ya yafe maka. Ni ka ba ni lokaci.”

Na ce to. Ba ni da haƙƙin neman fiye da haka.

Ya Allah, ga bawanKa Mannir ɗan Abdulganiyyu ya zo gare Ka. Ka gafarta mashi, Ka yi mashi rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya ɓoye ya zama kankarar zunubansa. Ka sa duk ƙwarar hatsin da ta tsira ta dalilinsa ta zama nauyi a mizaninsa. Yadda ya rufa mani asiri a gaban jama'a a ranar da na tona nasa, Ka rufa mashi asiri ranar tsayuwa, Ka sa Aljanna ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa Hajiya Adama, wadda ya so ya kare daga wannan labari har ƙarshen ƙarfinsa; Allah Ya ƙarfafa zuciyarta. Ga ƙanensa Zainul Abidin da sauran dangi na Kankia. Ga ’ya’yansa Anas da Basira da Ummu. Allah Ya raya su, Ya sa su tashi su san mahaifinsu mutumin kirki ne mai tsabtar hannu, kada wata magana ta sa su sunkuyar da kai. Ga Nagoggo, wanda ya tsaya lokacin da na zauna. Ga mutanen Dudunni da Sukuntuni da Kusada baki ɗaya.

Ga ƙanwata Juwairiyya kuma, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya zama gatanki da na marayunki. Ki ɗauki duk lokacin da kike so. Zan riƙa zuwa duk Juma'a in zauna a zaure, ko kin ce in shigo ko ba ki ce ba.

Allah Ya jiƙan Mannir. Mu da muka saura, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Ɗahiru Ɗanmusa
Dudunni, Kusada